Sai-da-safe da Kwana: gardamar da gidan wani tsohon makiyayin Teksas ya tayar

Ɗan Fagge a Teksas: Assalamu alaikum 'yan gida, kwana biyu kun ji ni shiru, aiki ne wlh ya sha min kai. Ranar Asabar ɗin nan maƙwabcina wani tsohon Bature ɗan tamanin da 'yan kai, wanda nake ɗan yi wa cefane in gwiwarsa ta motsa, ya matsa min lallai sai na tuƙa shi zuwa wani ƙauye gabas da Amarillo, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Sunan ƙauyen Goodnight, sunan mutumin da ya kafa shi ne, Charles Goodnight, in ka fassara sai ka ce Malam Sai-da-safe. Gidansa na katako mai bene da ya gina a 1887 yana nan an mai da shi gidan tarihi, har da wata doguwar baranda a sama inda yake kwana don ɗaki takura shi yake, mutumin da ya saba kwana a fili. Daga nan muka wuce maƙabarta, sai na ga shingen duk an ɗaɗɗaure shi da irin ƙyallen nan da 'yan kaboyi ke ɗaurawa a wuya, wasu sabbi wasu rana ta cinye su sun koɗe. Tsohon nan ya ciro nasa daga aljihu hannu na rawa ya ɗaura, ya ce kakansa ya yi wa mutumin kiwo yana saurayi, kuma duk yankin nan uba suke ce masa. Na ce to ina jikokinsa suke, ya ce ai bai taɓa haihuwa ba, ko ɗaya. Abin nan ya tsaya min a rai tun ranar, shi ya sa na ce bari na kawo muku.

Sarkin Gardama: Wa'alaikumus salam. Yanzu kai duk tarihin da ke Kano bai ishe ka ba sai ka je kana mana ziyarar kabarin ɗan kaboyi? Hhhhh. Ka taɓa hawa Dala kuwa?

Ɗan Fagge a Teksas: Na hau ta kafin a haife ka yaro.

Baba Mai Carbi: Ku bar shi ya ba mu labari. Mu da muka ga zamanin da yara ke fitowa daga silima suna tafiya a gantsare suna cewa su kaboyi ne, ba mu taɓa tambayar su waye mutanen na gaskiya ba. Ɗana ci gaba, ina jin ka.

Ɗan Fagge a Teksas: Na gode Baba. An haife shi 1836 a jihar Ilinoyi, ubansa ya rasu yana ƙarami, uwar ta sake aure suka yi ƙaura zuwa Teksas yana ɗan shekara tara, kuma a kan goɗiya ba sirdi ya yi tafiyar, mil wajen 800. Boko gaba ɗaya wata shida ya yi a rayuwarsa. Yana da shekara ashirin shi da ɗan mijin uwarsa suka karɓi kiwon shanun wani, ba albashi, sharaɗin kawai duk maraƙi huɗu da aka haifa ɗaya nasu ne. Da haka ya fara, ba gado ba jari.

Jikan Arɗo: To ai wannan kam ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Kakana da haka ya tashi, kiwon shanun mutane yake ana ba shi ɗan maraƙi in lokaci ya cika, kafin ya yi aure yana da nasa garken. Amma ɗaya cikin huɗu gsky mai shanun ya saki hannu, ko dai wajen akwai haɗari ne sosai shi ya sa.

Ɗan Maraɗi: Nan wajenmu Nijar Bororo suna da habbanaye, a ba ka aron saniya ka riƙe ta hal ta haihu sau ukku, maruƙan naka ne, uwar ta koma ga mai ita. Wannan zumunci ne ba kwangila ba. Na Bature kam lissahi ne.

Malamin Tarihi: Jikan Arɗo ka canka daidai, haɗari ne. Inda suka je kiwon, gundumar Palo Pinto, bakin iyaka ne a lokacin, gaba da nan ƙasar Komanci ce, ƙabilar 'yan asalin ƙasar da suka fi kowa iya doki a duk filin nan, kuma sun daɗe suna hana Sifaniyawa da 'yan Meziko da Amurkawa wucewa. Kuma tunda Ɗan Fagge ya fara da yabo bari na sa nawa tun yanzu kafin a yi nisa. A Disambar 1860 shi Goodnight ɗin yana cikin masu bin sawu da suka kai dakarun Teksas wani zangon Komanci a bakin kogin Pease, aka auka musu, yawancin waɗanda aka tarar mata ne masu aikin nama. A nan aka kama wata mata mai shuɗin ido da 'yarta a hannu, ashe Baturiya ce Cynthia Ann Parker da Komanci suka ɗauke tun 1836 tana yarinya, ta shekara 24 a cikinsu ta yi aure ta haihu har Turanci ya kusa ɓace mata. Aka ce an ceto ta, aka mai da ita wajen dangi, ita kuwa ta yi ta ƙoƙarin gudu ta koma wajen 'ya'yanta maza, 'yar ta mutu, ita ma ta bi ta ba ta sake sa su a ido ba. Ku riƙe sunan babban ɗan nata, Quanah Parker, a baki Kwana ake faɗa, zai dawo cikin labarin.

Maman Biyu: Innalillahi. Wannan ai ba ceto ba ne, sata ce karo na biyu. An raba ta da uwa tana yarinya an zo an raba ta da 'ya'ya tana uwa.

Sarkin Gardama: Sai-da-safe da Kwana, kai wannan labarin kamar da gangan aka raɗa sunayen. Saura Ina-kwana.

Ɗan Fagge a Teksas: Malam ban ɓoye ba, zan zo wajen, kai ne ka yi min shigar sauri. Abin da ya fito da sunansa shi ne bayan yaƙin basasar Amurka da ya ƙare 1865, shanu sun yi yawa a Teksas sun bazu a daji ba mai saye, sa ɗaya dala 4 ma da ƙyar, amma in ka kai shi arewa sai ya yi dala 40. Kowa na kora nasa arewa, shi kuma da wani dattijo Oliver Loving a 1866 suka haɗa shanu wajen 2,000 da makiyaya 18 suka yi yamma, zuwa wani barikin soja Fort Sumner a Niyu Meziko. Matsalar hanyar ita ce tsakanin kogin Concho da kogin Pecos akwai mil 80 ba ɗigon ruwa, kilomita wajen 130 ke nan, ya kusa Kano zuwa Zariya, kuma da shanu masu maruƙa. Kwana uku suna tafiya, daga baya ma suka daina tsayawa da dare don shanun sun ƙi kwanciya sai kuka da zagaye, harshe a waje ido ya faɗa, da suka jiyo ƙanshin ruwa kuwa ba wanda ya iya tare su, na baya suka ture na gaba daga kan gaɓa, wasu suka nutse wasu suka maƙale a laka wasu suka sha ruwan kanwa a kududdufi suka faɗi nan take. Ɗaruruwa suka yi asara. Duk da haka da suka isa aka sayi bijiman a kan santi 8 kowace laba, ya juyo gida da zinare na dala 12,000 a kan alfadari.

Jikan Arɗo: Wannan na shanu su jiyo ruwa wlh gaskiya ne, wanda bai gani ba ba zai gane ba. Saniya tana jin ruwa tun kai ba ka hango ko itacen bakin rafin ba, za ka ga ta ɗaga hanci kunnuwa sun miƙe, in ta yi haka to ka kauce kawai, sanda ba ta aiki a lokacin. Mu dabarar da muke ita ce a raba garke kashi-kashi tun da nisa, a fara sakin masu ƙarfi su sha su matsa, in ka kai su a dunƙule kai ka kashe su da hannunka. Kuma kuskure ne babba ka shiga irin wannan hanyar da masu shayarwa. Amma dai kwana uku ba ruwa da shanu dubu biyu, kowa ya ci zomo ya ci gudu, na sara masa a nan.

Malamin Tarihi: Ka sara masa, amma ka tambaya wa zai ci naman? Sojoji ba don kansu suka saya ba. A wajen nan Bosque Redondo gwamnati ta tsare 'yan ƙabilar Nabaho sama da 8,000 da aka koro da ƙafa daga ƙasarsu a 1864, ƙasar wajen ba ta noma, tsutsa ta cinye masarar, yunwa na kashe su. Wato jarinsa na farko daga kwangilar ciyar da mutanen da aka ƙwace wa ƙasa ya fito. Ba shi ya tsare su ba, na yarda, amma kuɗin daga nan ne.

Sarkin Gardama: To da ya ƙi kai naman sai su ƙoshi? Malam kai ma wani lokacin ka cika neman laifi. Ɗan kasuwa ya ga inda ake neman kaya ya kai.

Baba Mai Carbi: Ni abin da ya tuna min shi ne fataken shanunmu na da, kafin tirela ta karɓe aikin, da ake kora shanu da ƙafa daga nan har Ibadan da Ikko, wata da watanni a hanya. Na san wani tsoho a unguwarmu da ya yi wannan, ƙafarsa kamar bayan kunkuru. Ba wanda ya rubuta sunansa ko a bango. Su kuwa ga shi har gidan tarihi.

Ɗan Fagge a Teksas: Wlh Baba abin da na faɗa wa tsohon ke nan a mota. Su komai sun ajiye, har keken girkin da ya ƙirƙiro, don shi ya fara ɗaukar tsohon keken dokin soja ya kafa masa akwati a baya mai aljihuna na gari da wake da kofi, murfin in an sauke ya zama teburin mai girki, har yau ana gasar girki da irinsa a nan. Amma abin da ya sa tsohon nan ya yi ƙwalla labarin Loving ne. A tafiyar 1867 Loving ya yi gaba shi da mutum ɗaya don ya riga wasu kama kwangila, Goodnight ya ce masa dan Allah da dare kawai za ka riƙa tafiya, ya gaji ya fito da rana, Komanci suka rutsa shi a bakin Pecos suka harbe shi a hannu da haƙarƙari. Ya tsira ya kai bariki amma hannun ya ruɓe, aka yanke a makare, ya rasu a Satumba. Kafin ya cika ya ce baƙin cikinsa a binne shi a baƙuwar ƙasa. Goodnight ya ce zan kai ka gida. Ya ƙarasa kai shanun, ya dawo bayan watanni aka tono shi, yaransa suka bubbuge gwangwanaye suka liƙe suka yi babban akwati aka sa na katakon a ciki aka zuba gawayi, suka ja shi a keken doki ɗaruruwan mil har garin Weatherford. Kuma ya ci gaba da raba riba yana kai wa iyalan mamacin kasonsu.

Maman Biyu: Kai, wannan kam ɗan halak ne ta wannan fannin. Yau abokin kasuwancinka ya mutu kafin sadakar uku an fara ɓoye littafi.

Baba Mai Carbi: Mu dai a addininmu inda ka faɗi nan ake rufe ka, ƙasa duk ta Allah ce, tono gawa ba namu ba ne. Amma riƙon amanar marayun, wannan ko a wa ka gan shi ka yaba.

'Yar Zongo Kumasi: Ni tambayata ɗaya, duk kaboyin nan farare ne kamar yadda muke gani a fim? Don an ce min akwai baƙaƙe.

Malamin Tarihi: Akwai su da yawa ƙanwata, da 'yan Meziko ma, 'yan Mezikon ne ma asalin masu sana'ar. A cikin yaran Goodnight akwai Bose Ikard, an haife shi bawa a Misisipi, ya samu 'yanci bayan yaƙi ya shiga wannan tafiyar. Shi Goodnight yake ba wa kuɗin cinikin ya riƙe, wai ɓarawo ba zai taɓa tunanin laluben kayan baƙin mutum ba. Da ya rasu a 1929 Goodnight ya sa aka kafa masa dutse a kabari yana yabonsa cewa shekara huɗu suna tare bai taɓa gudun aiki ko saɓa umarni ba. To amma ku duba, ɗaya ya ƙare da gandu da gari mai sunansa, ɗaya ya ƙare da dutse. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Ɗan Fagge a Teksas: To shi ma Goodnight ɗin ai kurar wani ne, ku tsaya ku ji. Ya yi aure 1870 ya zauna Kolorado ya zuba kuɗinsa a banki da filaye, karayar tattalin arzikin 1873 ta share shi tas. Abin da ya rage masa shanu 1,600, su ya koro a 1876 ya gangara da su cikin kwazazzabon Palo Duro. Na sha zuwa wajen, kana tafiya a fili shimfiɗe kamar faranti ba ko tudu, kawai sai ka ga ƙasa ta tsage a gabanka, zurfin ƙafa 800, jan dutse, a ƙasa ga ruwa ga ciyawa ga itace, iskar hunturu ba ta kai wa can, bangon dutsen kansa shinge ne. Duk Amurka kwazazzabo ɗaya ne kawai ya fi shi girma. Sai da suka kwance kekunan suka sauke su da igiya. Ya tarar da ɓaunar nan tasu mai doro dubbai a ciki suka kore su. Amma ba shi da kuɗin sayen ƙasar, sai ya haɗu da wani attajiri ɗan Ayalan mai ba da bashi, John Adair, a 1877 suka yi yarjejeniyar shekara biyar, Adair ya sa kuɗi ya ɗau kashi biyu cikin uku, Goodnight ya sa jiki ya ɗau kashi ɗaya da albashin dala 2,500 a shekara, kuma kason nasa ma bashi ne da ruwa kashi 10. Ko sunan gandun JA, harufan sunan mai kuɗin ne. A ganiyarsa ya kai eka miliyan 1.3 da shanu 100,000, na lissafa ya fi jihar Legas girma.

Sarkin Gardama: Ya fi Legas?? Mutum biyu? Tab.

Malamin Tarihi: Yauwa, nan nake jira. Ka ce ya gangara ya tarar da ɓauna kawai. Me ya sa bai tarar da mutane ba? Kwazazzabon nan shi ne mafakar hunturun ƙabilun Komanci da Kayowa da Shayan tun kaka da kakanni. Ranar 28 ga Satumba 1874, shekara biyu kacal kafin ya zo, Kanar Mackenzie na sojan Amurka ya sauko musu da asuba, mutane suka haye duwatsu suka tsira amma ya ƙone tantuna da abincin da suka tara na hunturu, ya kama dawaki wajen 1,400, ya sa aka harbe sama da 1,000 a rana ɗaya. Bakomance ba doki ai gurgu ne. Hunturu ya ƙarasa aikin, a Yunin 1875 Kwana ya kai mutanensa barikin soja na Fort Sill ya miƙa wuya. Sannan maharba masu neman fata suna ta kashe ɓauna, dabbar da ta kai miliyoyi ta dawo ba ta kai dubu ba kafin 1890. To wannan shi ne dajin da ba kowa da ake cewa ya sara. Toka ce bai daɗe da hucewa ba ya zo ya kafa bukka a kai. Ni ban ce shi ya kunna wutar ba, amma kalmar nan ta wai shi ne na farko, ita nake ƙi.

Ɗan Maraɗi: Malam ka hwaɗi gaskiya amma wace ƙasa ce ba haka ba? Ko mu nan kowane gari ka tambaya za a ce maka wani maharbi ya zo ya sari daji ya zamna, in ka tona sai ka iske akwai waɗanda ya iske. Su Komancin ma ai an ce ƙabilar Apaci suka kora kahin su zamna.

Malamin Tarihi: Haka ne sun kori Apaci, ban musa ba. Bambancin shi ne wannan da takarda aka yi shi da safiyo da waya, wanda aka kora ba shi da ranar dawowa.

Ɗan Fagge a Teksas: Sun dawo sau ɗaya ai. Ƙarshen 1878 yunwa ta ishe su a inda aka killace su, Kwana ya fito da jama'a neman ɓauna suka zo kwazazzabon ba ko ɗaya, suka fara yanka shanun JA. Goodnight ya hau doki ya je ya same su, aka zauna, suka daidaita zai riƙa ba su shanu biyu duk bayan kwana biyu su bar masa garke, ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Daga nan suka zama abokai har Kwana ya rasu 1911. Ka duba fa, mutumin da ya nuna hanyar zangon da aka kama uwarsa.

Maman Biyu: A ƙasarka a gidan ubanka wani yana auna maka sa biyu kuma har ka gode. Allah ka raba mu da ƙasƙanci. Ni duk kun cika ni da maza, matar fa? Wace irin mace ce ta yarda ta bi miji cikin rami?

Ɗan Fagge a Teksas: Hajiya ai ita ce ma ta fi burge ni. Mary Ann sunanta, Molly suke ce mata, malamar makaranta ce, iyayenta sun rasu ita ta riƙe ƙannenta maza. A kwazazzabon nan mace mafi kusa da ita tana nisan mil 70 da wani abu, sai ta yi watanni ba ta ga mace ba, ita ce mai ɗinke wa makiyayan riga ita ce likitarsu. Wani yaro ya kawo mata kaji uku a buhu don ta dafa, ta ƙi yankawa, ta ajiye su tana hira da su suna bin ta duk inda ta yi. Kuma da dare tana jin harbin maharba daga sama, in gari ya yi tsit sai kukan 'yan maruƙan ɓauna da aka kashe wa uwa, ita ta matsa wa mijin a 1878 ya kamo mata su ta shayar da su da kwalba. Jikokin waɗannan maruƙan su ne garken ɓaunar jihar Teksas da ke gandun dajin Caprock Canyons yau, na gan su da idona sun tare mana titi sai da muka kashe mota muka jira.

Maman Biyu: Allah sarki, hira da kaji. Wlh na gane ta, shekarar da aka kai maigidan aiki wani ƙauye ban san kowa ba har sunaye na sa wa awakina. Kuma ka ga ba ta haihu ba, mai yiwuwa kukan maruƙan nan wani waje yake taɓa mata. Su maza suna can suna lissafin eka.

Sarkin Gardama: To ni dai abin da na ɗauka, ga yadda ake kiwo na hankali. Mutum ya sayi filinsa ya kewaye ya zauna. Namu kullum yawo da rigima da manoma, an ce a killace sun ƙi.

Jikan Arɗo: Ka ji irinta ko. Kai ka karanta abin da aka rubuta kuwa ko sauka kawai kake? Mutumin nan shekara ashirin yana kiwo a filin da ba nasa ba, yawon da ya yi kakana bai yi rabinsa ba. Bai zauna ba sai da soja suka share masa fili, attajiri ya ba shi jari, ƙasa kuma tana arha kamar banza. A ba ni ko eka dubu da rijiya da bashin shekara biyar ka ga in zan ƙara taka burtali. Dokar wuraren kiwo ta Arewa tun 1965 take, je ka duba nawa suka rage ba a nome ba ko ba a yanka filoti ba. Killacewa ba da baki ake yi ba yayana.

Malamin Tarihi: Kuma ku ji dabarar sayen, eka 12,000 ya fara saya, amma ba a dunƙule ba, tsinta ya yi nan da can duk inda ruwa yake. Wanda ya riƙe ruwa ya riƙe filin da ke tsakani ko bai biya ba, don ba mai sayen busasshiyar ƙasa a tsakiyar ta wani. Sai waya mai ƙaya da aka yi wa rajista 1874 ta zo ta rufe sauran. Har 'yan bindiga suka ajiye a hanya suna hana shanun kudancin Teksas ratsawa saboda wata cuta da ke kashe nasu, daga baya aka gano kaska ce ke kawo ta. Wato wanda ya yi arziki da ratsa ƙasar mutane shi ya fara tare hanya da ya samu tasa.

Jikan Arɗo: Ta kaska kam ina bayansa, ka bar baƙon garke ya kwana a makiyayarka ka ga aiki. Ko ni zan tare.

Admin: Jama'a a yi a hankali, kar a mai da shi faɗan manoma da makiyaya, mun san yadda ta ƙare wancan karon.

Baba Mai Carbi: Ɗana ba ka gaya mana ƙarshensa ba. Duk wannan dukiya ba magaji, ina ta tafi?

Ɗan Fagge a Teksas: Baba ba ta jira magaji ba ma. Adair ya rasu 1885, bayan shekara biyu Goodnight ya raba hannun jari da matar Adair ɗin, JA ta zauna a hannun dangin matar kuma har yau ana kiwo a cikinta. Shi Goodnight ya koma wancan gidan da na je, ya buɗe kwaleji a 1898 shi da ya yi wata shida a aji, ya yi ta gwajin haɗa ɓauna da saniya abin bai yi kasuwa ba, ya zuba kuɗi a haƙar azurfa a Meziko suka nutse, har gandun nasa ya sayar da sharaɗin a bar shi a gidan iya rayuwarsa. Molly ta rasu 1926. Ranar da ya cika 91 ya auri wata 'yar shekara 26 da ke jinyarsa, ita ma sunan gidansu Goodnight, ta wasiƙa suka san juna saboda sunan. Ya rasu Disambar 1929 a Arizona yana da 93, aka dawo da shi gefen Molly.

Sarkin Gardama: 91 da 26, ashe tsohon namu ne hhhh. Baba ka ji fa, da sauranka.

Baba Mai Carbi: Ka kiyaye ni ɗan nan, uwarka tana cikin group ɗin nan.

'Yar Zongo Kumasi: To Kwana fa, shi ya bar baya?

Malamin Tarihi: Sosai, mata da yawa da 'ya'ya sama da ashirin, zuriyarsa har yau suna taron dangi duk shekara, akwai ma gari mai sunansa a Teksas ɗin.

Ɗan Fagge a Teksas: A kan titi ɗaya ma suke da ƙauyen Goodnight, lamba 287, ina bi ta nan da tirela in zan je Dalas. Na tambayi tsohon ko kakansa ya taɓa ba shi labarin Komancin, ya yi shiru har muka wuce wani gidan mai, sannan ya ce abin da kakan ke yawan faɗa shi ne an hana su giya da caca da faɗa a gandun, wanda aka kama a ranar zai ɗau sirdinsa ya tafi, sai kuma wani waje da suke bi da ƙasusuwan dawaki fari fat a ƙasa, dokinsa ba ya yarda ya ratsa sai sun zagaya. Bari na tashi, lodi gare ni ƙarfe huɗu na asuba.

Jikan Arɗo: Allah ya tsare hanya. In ka sake bi ta wajen ɓaunar ka ɗauko min hoton ƙafarta da kofaton kusa-kusa, ina so na ga ko irin na shanunmu ne.

Maman Biyu: Kar ka sa shi ya matsa kusa dan Allah, yana da iyali.